Inda Allura Ke Sauka: Nazari Kan Zaɓen Gurbin Allurar Intaferon

Wanda likita ya ɗora a kan Betaferon zai huda fatarsa da hannunsa sau 182 ko 183 a shekara, domin allurar ta tsallaken kwana ɗaya ce. Mai amfani da Rebif zai yi sau 156, uku a kowane mako. Mai Avonex sau 52, mai Plegridy sau 26, shi kuwa mai ciwon hanta da aka rubuta wa Pegasys allura 48 ce ke gabansa, ɗaya a mako. Daga wannan lissafi ya kamata a ɗauko maganar inda za a yi allurar, domin fatar da ta ɗauki huda ɗaya ba tare da ta nuna komai ba, ba lalle ne ta ɗauki ɗari ba.

Intaferon sinadari ne da ƙwayoyin jikin mutum ke fitarwa idan ƙwayar cuta ta bairos ta shige su, don su faɗakar da maƙwabtansu. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano shi a Landan a 1957. A 1993 hukumar FDA ta Amurka ta amince da Betaseron, wanda a Turai ake kira Betaferon, a matsayin magani na farko da ke rage yawan tashin cutar MS, wato cutar da garkuwar jiki ke juyawa ta cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Wannan dangin intaferon beta ke nan, har da Rebif da Avonex da Plegridy. Ɗaya dangin, intaferon alfa, wanda Pegasys ke ciki, shi aka daɗe ana yaƙar ciwon hanta nau'in C da shi, kafin ƙwayoyin haɗiya irin su sofosbubir su ture shi daga 2013. Har yanzu ana ba da shi ga wasu masu nau'in B da nau'in D, da masu wata cutar ɓargo da ke sa jini ya yi kauri. A Nijeriya, inda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, akasarin masu buƙatar magani ƙwayar tenofobir ake ba su. Amma akwai 'yan tsirarun da ake zaɓa wa intaferon, kuma su ma sirinjin a hannunsu yake komawa.

Abin da ya bambanta wannan allura da sauran shi ne aikin maganin kansa. Tunda intaferon ɗan aike ne mai tayar da garkuwar jiki, duk inda aka zuba shi sai wurin ya amsa: ja, kumburi, zafi, ƙaiƙayi, wani lokaci tauri. A gwaje-gwajen da aka yi wa Betaseron, kashi 78 cikin ɗari na masu amfani da shi sun sami irin wannan matsala a gurbin allura, kuma kashi 4 cikin ɗari naman wurin ya mutu ya zama gyambo. Ga Rebif mai maikirogiram 44, alƙaluman sun kai kashi 92 da kashi 3. Ke nan ɗan jan da mutum ya gani ba shaidar ganganci ba ce, halin maganin ne. Abin da ke hannun majinyaci shi ne ya hana ƙaramar matsala girma, kuma babban makaminsa a nan shi ne zaɓen wuri.

Sai dai zaɓin ba a buɗe yake ba. Nau'in maganin ne ke fara yanke iyaka, kafin a zo ga abin da mutum ya fi so. Avonex a cikin tsoka ake yin sa, don haka wurinsa cinya ne ko damtse, kuma idan da alƙalaminsa mai harba allura da kansa za a yi, gefen cinya na waje daga sama kaɗai aka yarda. Da yake yana wuce fata ya sauka can ciki, bai cika ɓata fata ba, ko da yake allurarsa ta fi tsawo kuma ta fi tsorata mai farawa. Sauran galibi ƙarƙashin fata ake yin su, a cikin kitsen da ke tsakanin fata da tsoka. Pegasys kuwa ciki da cinya kawai aka ware masa, kuma dalilin ba na jin daɗi ba ne: an auna an ga abin da ke shiga jini idan an yi shi a ciki ko cinya ya fi na damtse da kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Wanda ya mayar da Pegasys damtse don ya fi masa sauƙi ya rage wa kansa magani bai sani ba, a kan cutar da mako 48 kawai yake da su ya ci ƙarfinta.

Idan an zo ga allurar ƙarƙashin fata, kaurin kitse ne ke bayyana yawancin bambancin zafi tsakanin wuri da wuri. Michael Gibney da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a 2010, inda suka auna manya 388 masu ciwon suga a Amurka da na'urar hoton cikin jiki. Fatar kanta ba ta bambanta sosai ba, daga milimita 1.9 a cinya zuwa 2.4 a ɗuwawu. Kitsen ƙarƙashinta ne ya rarrabu: kusan milimita 10 a cinya, 11 a damtse, 14 a ciki, 15 a ɗuwawu. Allurar ƙarƙashin fata takan kai kusan rabin inci, wato milimita 12 ko 13. Duk wanda ya jera waɗannan alƙaluma zai ga inda matsalar take. A ciki da ɗuwawu akwai sarari, bakin allura zai tsaya a tsakiyar kitse. A cinya da damtse sararin kaɗan ne, kuma waɗanda aka auna ɗin da yawansu masu jiki ne. Siririn mutum, ko wanda jinya ta ramar, kitsen cinyarsa ba zai kai haka ba, sai allurar ta taɓa tsoka ya ji zugi. Idan kuma don tsoro ya ɗan tsikara kawai, maganin zai tsaya kusa da fata, inda jijiyoyin jin zafi suka fi yawa kuma inda kumburi ya fi ɓarna. Shi ya sa ake koya wa mutum ya tattaro fatar da yatsu biyu ya ɗaga ta daga kan tsoka, kuma shi ya sa wasu na'urorin harba allura, irin su RebiSmart da Betaconnect, ke ba da damar daidaita zurfi.

Ciki ne wurin da masu farawa suka fi gudu, kuma shi ne da yawa suke komawa su fi so. Mutum yana ganin sa, hannu biyu suna isa gare shi, yana da faɗi, kuma kitsensa yana da laushi. Ƙa'idarsa a bar tazarar santimita 5 daga cibiya, a kauce wa tabon tiyata da nankarwa. Akwai wani abu da zanen da ke cikin kwalin magani ba ya nunawa, domin an yi shi ne da tunanin bel ɗin wandon Bature: inda mazagin wando ke bi, da inda mace ke ɗaura zani ta tamke. Wurin da ke shan gurza da gumi yini guda bai dace da allurar da ke kumbura fata ba. Kowa ya san layin da tufafinsa ke kama shi, sai ya hau sama da shi ko ya sauko ƙasa.

Cinya tana da sauƙin isa, mutum yana zaune. Gaba da gefen waje ake amfani da su, tafin hannu ɗaya sama da gwiwa, tafin hannu ɗaya ƙasa da matsematsi. Cikin cinya ba wurin allura ba ne, saboda manyan jijiyoyin jini da kuma gogayya wajen tafiya. Damtse kuwa bayansa ake nufi, inda naman ke reto, kuma gaskiya mai wuya ne ga mutum shi kaɗai, tunda hannun da zai tattaro fata shi ne ke riƙe da sirinji. Wasu suna jingina damtsen a bayan kujera don naman ya turo, amma ya fi kyau a bar shi sai ranar da akwai mai taimako.

Ɗuwawu yana buƙatar ɗan tsayawa. A wurinmu idan an ce allura, tunanin mutane can yake zuwa, kuma mun san yaran da suka tashi suna jan ƙafa saboda allurar da ta sami babbar jijiyar da ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa. Gajeriyar allurar ƙarƙashin fata ba ta kai wannan zurfi, amma duk da haka sashen sama na waje, kusa da kwankwaso, shi ne wurin, ba inda ake zama a kai ba. Mutane da yawa sukan ce nan ne suka fi samun sauƙi, kuma kaurin kitsen ya gaskata su. Aibinsa ɗaya ne: ido ba ya kai wa. Gyambo zai iya farawa a can ya yi kwanaki ba a gan shi ba, sai an riƙa dubawa da madubi ko a sa wani na kusa ya duba.

A nan ne nake ganin tambayar "ina ne ya fi daɗi" take yaudarar mai ita. Mutum yakan gwada wurare, ya sami guda biyu da ba sa yi masa zafi, ya lizimce su. Takardar Betaseron ta raba jiki gida takwas, damtse biyu, ɓangaren ciki biyu, cinya biyu, ɗuwawu biyu, kowane gida kuma sama da tsakiya da ƙasa. Gurbi 24 ke nan. Mai bin su a jere, yana allura bayan kwana bibbiyu, ba zai dawo gurbin farko ba sai bayan kwana 48. Wanda ya taƙaita a cinyoyinsa biyu gurbi 6 gare shi, zai dawo bayan kwana 12, alhali jan wurin da taurinsa sukan ɗauki makonni kafin su baje. Fata kamar gona ce, wadda ake nomawa ba hutu ita ke fara gajiya. Wurin da ya fi daɗi a watan farko shi ne zai zama mai tauri, ko ya lotsa saboda kitsensa ya narke, a wata na shida.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cewa wurin da ya lalace sau da yawa ba ya zafi. Naman da ya yi tauri saboda yawan huda yakan rage ji, sai mutum ya ɗauka ya dace da wuri mai kyau, ya ƙara dagewa a kansa. Ga mai MS hatsarin ya ninka, domin cutar kanta tana kashe jin wani sashe na jiki. Idan cinyar hagu ta yi dindiris, allura a nan ba za ta dame shi ba, haka kuma ƙurjin da zai biyo baya ba zai dame shi ba har sai ya fashe. Rashin zafi a irin wannan wuri dalili ne na ƙara sa ido.

Ita ma alamar da littattafai suka fi ambata, wato jan fata, an siffanta ta ne daga farar fata. A baƙar fata ja ba ya fitowa sarai. Wurin yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi sheƙi, kuma tabon yakan daɗe. Don haka yatsa ya fi ido aiki: a shafa wurin kafin allura, a ji ko akwai ƙullutu, ko ɗumi, ko rami, ko zafi idan an danna. Duk inda aka ji ɗaya daga cikin waɗannan a tsallake shi. Bayan allura da kamar awa biyu a sake dubawa. Idan fata ta tsage, ko ta yi baƙi ƙirin, ko tana fitar da ruwa, ko kumburin yana faɗaɗa da zazzaɓi, wannan ba na jira ba ne, a kai wa likita kafin allura ta gaba. Mutuwar nama ta fi aukuwa a watanni huɗun farko, daidai lokacin da hannu bai gama sabawa ba, ko da yake tana iya zuwa bayan shekara.

Wani kaso mai yawa na zafin da ake ɗora wa wuri, na yadda aka yi allurar ne. Yawancin waɗannan magunguna a firji ake ajiye su, tsakanin digiri 2 da 8, kuma ruwa mai sanyi yana raɗaɗi a ƙarƙashin fata. A fito da shi ya yi kamar minti 30 a ɗaki, ba a rana ba, ba cikin ruwan zafi ba, domin zafi yana lalata shi. A bar sifirit ɗin da aka goge fata da shi ya bushe, in ba haka ba allura za ta shigar da shi ciki. Kada a bar ɗigon magani a bakin allura, domin zai bi ta saman fata ya ƙona ta. Wasu sanyin ƙanƙara a nannaɗe cikin ƙyalle ke yi musu sauƙi, wasu ɗumi, kuma wannan abu ne da mutum zai gwada ya ga nasa. Masassara da ciwon gaɓoɓi da ke biyo bayan allura ba ruwansu da wurin da aka yi ta. Su ana rage su ne da yin allurar da dare, da farasitamol ko makamancinsa idan likita ya amince, da kuma fara maganin kaɗan-kaɗan a makonnin farko.

Dalilin da ya sa duk wannan ya cancanci nazari shi ne, matsalar gurbin allura tana cikin manyan abubuwan da ke sa mutane tsallake allura ko su bar magani gaba ɗaya, kuma intaferon da ake yi yau a bari gobe ba ya kare jijiya, ba ya kare hanta. Saboda haka bai kamata ma'aikacin jinya ya ji majinyaci ya ce "cinyata ba ta ɗauka" ya amsa masa da "ka daure" ba. Kamata ya yi ya kama cinyar ya ji kaurin kitsenta, ya sa a yi allurar a gabansa ya ga zurfin da ake kai wa, sannan su zauna tare su fitar da jadawali. Idan an cire damtse don babu mai taimako, an cire gaban cinya don rama, a lissafa gurbin da suka rage a ga kwana nawa za a yi kafin a zagayo, a kuma bar tazarar yatsa biyu tsakanin sabuwar huda da tsohuwa ko a gida ɗaya ne. Majinyacin ya riƙe ɗan littafi ko ya rubuta a waya: kwanan wata, wuri, da yadda wurin ya kasance washegari. Bayan wata biyu ko uku wannan rubutu zai nuna wane sashe na jikinsa ke saurin baje kumburi, wanne ke riƙe shi, kuma da shi za a gyara jadawalin a ziyara ta gaba.