Chimda Hedima: barden sama da ba shi da maroƙi

A kwarin Maraɗi, daga Tibiri har zuwa Jiratawa, barden da ya faɗi a fagen fama ba ya ɓacewa. Shekaru kusan ɗari biyu ke nan da yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinar Maraɗi Rauda suka kwanta dama, amma sunayensu na nan a bakin masana tarihi da makaɗan fada. Mayaƙin zamani kuwa, wanda dokinsa jirgi ne, ba shi da maroƙi. Misali a nan shi ne Chimda Hedima, hafsan sojan saman Najeriya.

A watan Agusta na 2014 Boko Haram ta kama Gwoza, a farkon Satumba kuma ta kutsa Michika a jihar Adamawa. Yayin da sojan ƙasa ke ja da baya, sai nauyi ya koma kan ƴan jiragen da suka rage. Ranar 12 ga Satumba, Hedima da abokin aikinsa Abdulrasheed Braimoh suka tashi daga Yola cikin jirgi samfurin Alpha Jet. Jirgi ne mai kujera biyu, ƙirar Faransa da Jamus, wanda Najeriya ta saya tun farkon shekarun 1980, ta kuma yi yaƙi da shi a Laberiya da Saliyo. Ana sa ran dawowarsu da tsakar rana, amma shiru.

A farkon Oktoba ƙungiyar ta fitar da bidiyo mai nuna tarkacen jirgi da kisan gillar wani fursuna da ta ce matuƙin ne. Da farko hukumomin soja suka musanta. Daga baya ne jaridu suka bayyana sunan Hedima. Abin takaici shi ne, jama'a sun fara jin ƙarshensa daga bakin waɗanda suka kashe shi.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga Nijar. Tun ranar 6 ga Mayu 2013 wani Alpha Jet na Najeriya da ke Yamai saboda yaƙin Mali ya faɗi a Dargol, matuƙansa biyu suka rasu. Wata biyar bayan ɓacewar jirgin Hedima, ranar 6 ga Fabrairu 2015, wutar da ya je kashewa ta iso Boso da Difa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Fada ce ta riƙe sunan Rauda, domin tana da masu wannan aiki. Sunayen mayaƙan yau, na sama da na ƙasa, har da sojojin Nijar 46 da suka faɗi a tsibirin Karamga a Afrilun 2015, ba su da fadar da ta wuce aji da allon malami. In ba a rubuta su a can ba, bidiyon maƙiyi ne kawai zai rage shaida.