Daga kururuwa zuwa 112: tarihin wanda ke amsa kiran gaggawa

1/ Jama'a, yau zare ne kan wani aiki da ba ma ganin fuskar masu yin sa: mutumin da ke ɗaga waya idan ka kira 112. Ni ɗan Bici ne, kuma a ganina aikin nan ya girmi wayar kanta a ƙasar Hausa. Ku gyara zama.

2/ Kafin waya, lambar gaggawarmu kururuwa ce. Gobara ta kama rumbu, yaro ya faɗa rijiya, ɓarawo ya shiga garke: mace ɗaya ta ƙwala "Wayyo jama'a, a kawo ɗauki!" Kafin ta rufe baki maza sun fito da guga, igiya da sanda.

3/ Abin da ya sa ta yi aiki a karkara irin tamu shi ne gidaje da gonaki a kusa suke. Ihun ƙauyen nan yana isa na gaba. Kuma ihu yana zuwa da adireshinsa: kunnenka zai faɗa maka daga wane ɓangare ya fito, har ka gane muryar matar wane ce.

4/ Idan abin ya fi ƙarfin maƙwabta, sai labari ya hau tsani: mai unguwa ya aika wa dagaci, dagaci ya tura ɗan aike gun hakimi, hakimi ya sanar da Sarki. A kowane mataki akwai mai sauraro, ya auna girman abin, ya yanke wa za a tura. To wannan ai shi ne aikin.

5/ Da Turawa suka zo, suka ja wayar tangaraho, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Saƙo ya fara rigan doki isa. Amma wayar ta ofis ce da tashar jirgi. Talakan ƙauye ya ci gaba da dogaro da maƙogwaronsa.

6/ Mu leƙa Ingila, don can aka haifi lambar gaggawa. A Nuwamban 1935 gobara ta tashi a wani gida a titin Wimpole da ke Landan, mata 5 suka mutu. Wani maƙwabci ya buga waya neman 'yan kwana-kwana, aka bar shi yana jira a layi.

7/ Lokacin sai ka bi ta hannun ma'aikaciyar haɗa layi, ita kuma ba ta da yadda za ta bambance mai gobara da mai son gaisawa. Mutumin ya fusata ya rubuta wa jaridar The Times. Gwamnati ta yi bincike, aka fito da 999 ranar 30 ga Yuni, 1937.

8/ A lokacin, idan aka kira 999, jar fitila ce ke kunnuwa, ƙararrawa ta ɗauka, kowa a ɗakin ya san wannan kiran ba ya jira. Amurka ta biyo da 911 a 1968, kiran farko a garin Haleyville na jihar Alabama. Ƙasashen Turai suka amince da 112 a 1991.

9/ A ƙarshen shekarun 1970 wani likita a Salt Lake City ta Amurka, Jeff Clawson, ya tsara jerin tambayoyin da mai amsa kira zai bi: yana numfashi? Yana cikin hayyacinsa? Daga amsar za a san abin da za a tura, a kuma koya wa mai kira abin yi kafin mota ta iso.

10/ Mu dawo gida. Zamanin NITEL, layukan wayar Najeriya gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, ga mutane sun haura miliyan 100. Ku tambayi iyayenku gida nawa ke da tarho a Bici lokacin. Sai a 2001 wayar salula ta shigo, a hankali ta isa aljihun manomi.

11/ Waya ta samu, amma wa za ka kira? Kowa ya koma ajiye lambar ɗan sandan da ya sani, ko direban unguwa, ko wani ɗan uwa ma'aikacin asibiti. Wanda ya san wani ya tsira. Wanda bai san kowa ba, sai dai Allah Ya kiyaye.

12/ Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, da aka kafa a 1988, ta fito da 122. Hukumar sadarwa, NCC, ta gina cibiyoyin kiran gaggawa a jihohi kan lamba 112, kyauta, ko ba kati a wayarka. An buɗe ta Katsina a 2019, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ta Abuja a Maris 2020.

13/ Ga yadda ake yi a ciki. Mai amsa kira ya ɗaga, ya tambaya, ya shigar a kwamfuta. Sai a miƙa wa hukumar da abin ya shafa: 'yan sanda, kwana-kwana, FRSC, sibil difens ko motar asibiti. Shi ba ya kashe wuta. Aikinsa ya mai da firgicinka bayanin da direba zai iya bi.

14/ Nan gizo ke saƙar. Waya ta kai muryarmu nesa, amma ta yar da adireshin a hanya. Mai jin kururuwa ya san inda za shi. Wanda ke zaune a wani ɗaki a birni yana jin kukanka raɗau, amma bai san ko kana gefen titin Kano zuwa Katsina ba ne ko can cikin gonaki.

15/ Mu kuma a ƙauye ba lambar gida, ba sunan layi. Kwatancenmu shi ne "bayan tsamiya, kusa da gidan Malam." Tsamiya nawa ce a ƙasar Bici? Malam nawa? Ga ƙauyuka masu suna ɗaya: Sabon Gari, Unguwar Fulani, Tudun Wada, ko'ina akwai su.

16/ Shi ya sa nake ganin kujerar nan tana buƙatar wanda ke jin Hausar ƙauye, ya san hanyar da ke yankewa da damina, ya iya lallashin uwa mai kuka har ta faɗi sunan garinsu. Ilimin mai unguwa ne, aka ɗora masa kwamfuta.

17/ Kuma minti rai ne. Mun tuna 30 ga Nuwamba, 2021, da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ta Ɓagwai, nan maƙwabtanmu. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙansu da rahama.

18/ Wanda ya nutse, ƙwaƙwalwarsa na fara lalacewa cikin 'yan mintoci da ɗaukewar numfashi. Ba motar da za ta taso daga birni ta riski wannan. Don haka kururuwa ba ta tsufa ba: na kusa su fara ceto, wani ya koma gefe ya kira 112. Biyun tare ake yi.

19/ Sai laifinmu matasa. Duk sanda hukumar kashe gobara ta Kano ta fitar da rahoton kiraye-kirayen da ta samu, za ka ga har da na ƙarya. A zamanin kakanninmu, wanda ya yi ihun ƙarya gari ya san shi, kunya ta ishe shi. Yau mutum na ɓoye bayan waya yana dariya.

20/ Motar da ta tafi kiran wasanka, wallahi wani ne aka hana ta. Wataƙila yaro ne a kududdufi, wataƙila mai naƙuda ce.

21/ Idan ta kama ka kira: fara da INA. Ƙaramar hukuma, sunan ƙauye, babban titi mafi kusa, alamar da baƙo zai gani, kamar makaranta ko masallacin Juma'a. Sannan me ya faru, mutum nawa. Kar ka kashe sai an sallame ka. Ka tura mai babur bakin titi ya tarbo su.

22/ Ga jarrabawa: kwatanta min gidanku a layi biyu, yadda baƙon da bai taɓa zuwa garinku ba zai iso da daddare. Ka gwada a ranka, kar ka rubuta a nan. Idan ya gagara, yau ce ranar koyo. Ka koya wa Inna da ƙannenka ma.