Ɗariƙar Katolika a Tsakanin Hausawan Karkarar Kano da Katsina

Ɗariƙar Katolika reshe ce ta addinin Kirista da ke ƙarƙashin jagorancin Fafaroma. A ƙasar Hausa mabiyanta kashi biyu ne. Akwai baƙin da aiki ko kasuwanci ya kawo birane, akwai kuma Hausawan karkara, galibinsu 'ya'ya da jikokin Maguzawa, waɗanda ke zaune a ƙauyukan Kano da Katsina da arewacin Zariya. Kashi na biyu ne abin da wannan maƙala ta sa a gaba, domin rubuce-rubucen da ake da su sun saɓa wa juna a kan lokacin da abin ya fara. Wasu na cewa 1711, wasu 1907, wasu kuma suna ƙirgawa daga ginin coci a Sabon Garin Kano. Kowace shekara cikin waɗannan tana da hujjarta, amma babu wadda ta shafi manomin Shanono ko na Malumfashi kai tsaye.

Zuwan farko

A 1710 wasu limamai biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan, Carlo Maria na Genoa da Severino na Silesia, suka taso daga Tarabulus suka biyo ayarin fatake ta Fezzan da Agadas. Labari suka ji cewa akwai Kiristoci a wajen Barno da Kwararrafa, shi suka fito nema. Sun iso Katsina a 1711, ciwo ya kama su, duka biyun suka rasu a can. Ba su bar coci ba, ba su bar mabiya ba. A ambace su don cika tarihi daidai ne, amma wanda ya ɗauki 1711 a matsayin mafarin Katolika a ƙasar Hausa ya kai abin inda bai kai ba.

Ita ma 1907 haka take. A watan Fabrairu na shekarar ne Fada Oswald Waller da abokan aikinsa biyu na ƙungiyar SMA suka sauka a Shendam, suka kafa tashar Katolika ta farko a arewacin Kogin Binuwai. Wannan mafari ne na gaskiya ga Arewa baki ɗaya, sai dai Shendam ƙasar Goemai ce, tana da nisa da Kano.

Zamanin Sabon Gari

Ƙofar masarautu a rufe take ga 'yan mishan. Tun a 1900 Sarkin Kano Alu ya sallami tawagar Bishop Tugwell da Dakta Miller ta cocin Angilika, bayan cin Sakkwato a 1903 kuma Lugga ya yi alkawarin gwamnatinsa ba za ta taɓa addinin Musulunci ba. Jami'an mulkin mallaka sun riƙe alkawarin, suka kuma faɗaɗa shi har ya rufe ƙauyukan Maguzawa, tunda su ma talakawan sarki ne.

Jirgin ƙasa ne ya shigo da Katolika Kano. Layin dogo ya iso a 1911, ma'aikata da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu suka cika Sabon Gari, limamai suka biyo su don yi musu ibada. A 1934 Katolika ta raba Arewa gida biyu, Kaduna da Jos, Kano ta faɗa ƙarƙashin Kaduna. Sistocin St Louis daga Ayilan sun iso Kano a 1948, kuma makarantarsu ta 'yan mata da ke Bompai sananniya ce har yau. Duk wannan a birni aka yi shi, da Turanci da harsunan Kudu. Bamaguje da ke noma a bayan Gwarzo ko Bichi, idan ya san 'yan mishan a wannan zamani, to na SIM ya sani, waɗanda aka bari suka buɗe asibitocin kutare irin na Yadakunya a shekarun 1930. Daga aikinsu ne cocin ECWA ta fito, shi ya sa a ƙauyuka da yawa ta riga Katolika kafuwa.

Shiga karkara

A ganina, ainihin tarihin ya fara ne a 1953, lokacin da aka yanke lardunan Sakkwato da Katsina daga Kaduna aka danƙa su ga limaman Dominikan daga Amurka, ƙarƙashin Edward Lawton. Sistocinsu daga Kansas sun iso Gusau a 1956. Da farko su ma hanyar magabata suka bi, wato Gusau da Funtua, inda baƙi suke. Daga baya suka buɗe tasha a Malumfashi, a tsakiyar gidajen Maguzawa, kuma a nan aka kafa cibiyar horar da katikis wadda ta zama ƙashin bayan aikin gaba ɗaya.

Abubuwa uku suka haɗu a shekarun 1960 suka sauya al'amarin. Babban taron Fadar Vatican na 1962 zuwa 1965 ya ba da izinin yin ibada da harshen jama'a maimakon Latin, Hausa ta samu shiga coci. Rangadin Musuluntarwa da Sardauna ya yi daga 1963 ya sa Maguzawa suka gane zaman da suka saba, na biyan haraji a bar su da tsafinsu, ya kusa ƙarewa. Sannan rikicin 1966 ya kwashe Inyamurai daga biranen Arewa, coci-cocin da ke cika maƙil suka koma kusan wayam. Lawton, wanda ya zama bishop a 1964, ya rasu a ƙarshen 1966, Michael Dempsey ya gaje shi a 1967. Limaman da suka rage suka juya ga ƙauyuka.

Su waye Maguzawan nan? Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya bayyana su a littafinsa na 1946: manoma ne masu manyan gidaje a warwatse cikin gonaki, ana gandu tare, ana yi wa iskoki yanka, mata na noma gayaunarsu suna dafa giya. Murray Last, wanda ya yi nasa binciken a yankin Malumfashi, ya nuna yadda tuba ke tafiya tare da tattalin arziki, domin mai son shiga fatauci ko komawa gari yakan ga Musulunci ne hanyarsa. Mafi yawan Maguzawa kuwa Musulunci suka karɓa, wannan ba abin musu ba ne. Waɗanda suka zaɓi Kiristanci sau da yawa masu son ci gaba da zaman gandu ne, matansu na fita gona, tare da samun makaranta da magani ga 'ya'yansu. Tsakanin coci-cocin ma akwai bambancin da manomi ke lura da shi. ECWA ta haramta giya, Katolika ta hana maye amma ba ta haramta sha ba. A wajen aure kuma Katolika ba ta sassauta ba: mai mata biyu ko uku zai iya zuwa coci shekara da shekaru, a yi wa 'ya'yansa baftisma, shi kuwa yana jira. Dattawa da yawa sai a gadon ajali aka yi musu.

Mutumin da ya ɗauki nauyin wannan aiki shi ne katikis. Fada ɗaya na iya riƙe ƙauyuka masu yawa, sai ya yi makonni bai leƙa wani ba, balle da damina idan rafi ya kawo. Katikis kuwa ɗan gari ne, manomi kamar kowa. Ranar Lahadi shi ke buga tsohon ƙarfen taya da aka rataye a bishiya, jama'a su taru a ɗakin ƙasa mai rufin kwano, maza gefe guda mata gefe guda. Ya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka kammala fassararsa tun 1932, ya yi wa'azi, ya koya wa yara addu'o'i, ya binne mamaci, ya sasanta ma'aurata. 'Yan Zumuntar Mata su ja waƙa da ganga da tulu. Da kaka a kawo damman gero da dawa a jibge gaban bagade don godiya. Wanda ya tsaya a waje ya saurari gaisuwarsu da "in Allah ya yarda" ɗinsu, zai ji Hausar da ake yi a gidan maƙwabcinsu Musulmi, wanda sau da yawa ɗan'uwansu ne na jini.

Kano da Katsina

A 1991 aka cire Kano daga Kaduna ta zama mishan mai cin gashin kansa, ta ƙara matsayi a 1995, ta zama cikakkiyar dayosis a 1999, tana ɗauke da jihohin Kano da Jigawa. Bishop na farko shi ne Patrick Sheehan, ɗan Ayilan da ya daɗe a Yola, John Namaza Niyiring ya gaje shi a 2008. Shanono tana cikin wannan dayosis, a bakin iyakarta ta yamma. Da an tsallaka zuwa jihar Katsina an shiga wata dayosis, wadda Fafaroma Francis ya yanke daga Sakkwato a Oktoban 2023, ya naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, ya shugabance ta. Shi ake ambata a matsayin Bahaushe na farko da ya zama bishop ɗin Katolika, shekara 116 bayan Shendam.  

Littattafan mishan sun adana sunan kowane fada da ranar da ya sauka daga jirgi. Sunayen katikis na farko, da gidajen da suka fara karɓarsu, da yadda aka yi da dangi lokacin da wa ya Musulunta ƙane ya shiga coci, suna bakin tsofaffi ne da cikin rajistar baftisma da ke ajiye a majami'u. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa, Musulmi da Kirista, ya kamata su je su ɗauki wannan bayani tun masu shi suna da rai.