Likita

likita [likità] sn., nj./mc.; jm. likitoci [likitōcī]. Aro daga Turanci.

1. Wanda ya karanci ilimin lafiya, yake duba marasa lafiya da ba su magani. Mis. *An kai Inna ganin ~ a Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, Kaduna.*

2. (a bakin jama'a) Duk ma'aikacin asibiti ko mai kyamis.

3. ~n waya: wanda ke duba majinyaci daga nesa ta kiran bidiyo, ya saurari koke, ya dubi ido, harshe ko ƙuraje ta kyamara, ya turo sunan magani ko ya ce a je gwaji. Ya yaɗu lokacin kullen korona, 2020. Mis. *Baba, matso da wayar kusa da haske, ~ na son ganin kumburin*. *Daga unguwar Nasarawa ta ga ~ ba ta tsallaka Kogin Kaduna ba.* Yana da amfani wajen bibiyar hawan jini da ciwon suga, in da awo a gida, caji da data.

Lura: naƙuda, zubar jini, jijjigar yaro, numfashi sama-sama ba na waya ba ne, asibiti nan take.

Dangi: likitanci (sn., nj.) aikin ~; ~n haƙori; ~n mata; ~n dabbobi. Dubi: asibiti, majinyaci.