Dogon Hutu a Garin Daɗin Kowa: Tarihin Kallonmu a Sakkwato



Kwanakin baya muna zaune bayan an tashi taron marubuta, ana shan shayi, sai wani daga cikinmu ya kwaikwayi muryar Adama tana yi wa Kamaye tsiya a kan kuɗin cefane. Wuri ya ɓarke da dariya. Kafin a watse kowa ya faɗi gidan da yake zuwa kallo yana yaro, wannan a Mabera, wancan a Runjin Sambo, wata a Gidan Igwai. Abin da muka lura da shi daga baya shi ne, kusan duk labaran nan a lokaci ɗaya suka faru, wato dogon hutu. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawun abin tun daga tushe.

Ga wanda ya manta, dogon hutunmu daga ƙarshen Yuli yake kamawa zuwa cikin Satumba. A ƙasashen Turawa lokacin rana ne da zuwa bakin teku. Mu kuwa tsakiyar damina ce, zafin Afrilu ya wuce, gari ya yi lumshi, gero ya fi mutum tsawo. Kuma sunan hutu kawai yake. Da safe akwai makarantar allo. Da hantsi mai hali ya tura ɗansa lesin, marar hali ya kai nasa shagon tela ko garejin makanike, ko ya zaunar da shi tsaron rumfa a kasuwa. Wasu a ɗora su a mota sai Wurno ko Gwadabawa ko Boɗinga, su taya kakanni maimai a gona, su dawo sun yi baƙi ƙirin da damin tumu a hannu. 'Yan mata kuwa ga wanke-wanke ga raino. Abin da ya rage namu na kanmu shi ne ƙwallon yamma da kallon dare. Lokacin makaranta ana kora mu mu kwanta da wuri. A hutu ne kawai ake ƙyale yaro ya kai ƙarshen shiri.

Akwatin da muke zama gabansa ya daɗe a hanya kafin ya iso garin nan. A Ibadan aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya, ranar 31 ga Oktoba 1959. Gwamnatin Sardauna ta buɗe na Kaduna a 1962. Abin dariya, Sardauna ɗan Rabah ne, amma lardinsa sai da ya jira fiye da shekara goma. Sai a tsakiyar shekarun 1970, Sakkwato tana hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, aka kunna tashar garin nan. A 1977 gwamnatin soja ta yi dokar da ta haɗe tashoshin ƙasa duka a ƙarƙashin NTA.

Kada a ɗauka tashar tamu 'yar rakiya ce. A nan Peter Igho ya fara aikin talabijin, a nan ya shirya wasan Moment of Truth da ya ci gasa, kafin ya tafi Jos ya yi Cock Crow at Dawn a 1980, wasan da har yau ake lissafa shi cikin manyan wasannin ƙasar nan. Mu da muke yawan kukan an bar mu a baya, yana da kyau mu riƙe wannan.

Iyayenmu suna ba mu labarin zamanin. Tasha ba ta buɗewa sai yamma, dare ya yi nisa a sa taken ƙasa a rufe. Hoto fari da baƙi ne. Unguwa guda akwati ɗaya ko biyu, yara su cika ƙofar gidan mai shi, wanda bai yi wanka ba a kore shi. Suna kallon Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda dama tsohon soja ne, da Karambana na Ƙasimu Yero daga Kaduna, da Karkuzu daga Jos. Amma ku lura da fuskar dattijo in ya zo kan Idon Matambayi. Nan murya take sauyawa. Wannan nasu ne, a NTA Sakkwato aka yi shi, 'yan wasan mutanen gari ne da ake gamuwa da su a kasuwa da wurin ɗaurin aure, kuma da bakin gari suke magana.

Mu da aka haifa daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, wani zamani muka tarar. Mun samu Super Story na Wale Adenuga, wanda ya fara a 2001, daren Alhamis ƙarfe takwas, da Papa Ajasco mai sanƙo, da Tales by Moonlight ranar Lahadi. Turancin ba duka muke ji ba, yayye ke fassara mana, rabin fassarar kuma ƙarya ce. Mun ga ƙarshen kaset da farkon faifai, mun ci dariyar Ibro har muka ƙoshi, Allah Ya ji ƙansa. Sannan dish ya cika rufin gidaje, tashoshin Larabawa na kyauta suka shigo, MBC da Zee Aflam da sauransu. A can ne muka fara ganin yaran wasu ƙasashe suna hutu: an ɗaure jaka, an hau keke, an kafa tanti a daji, uwa tana ɗaga hannu daga ƙofa. Muna kallo muna cin gyaɗa dafaffiya, ko sau ɗaya ba mu taɓa tambayar kanmu me ya sa ba a nuna namu hutun ba. Mun ɗauka hutun da ya isa a saka a talabijin sai mai teku.

Hutun 2014 shi ne wanda tsaranmu ba zai manta ba. A watan Yuli cutar Ebola ta shigo Legas. A Agusta aka yi daren wankan gishiri, inda waya ta yi ta ƙara tun kafin asuba, aka tashe mu daga barci aka tura mu bayi da bokiti, wasu har da sha. Gwamnatin tarayya ta ɗage komawa makaranta zuwa 13 ga Oktoba, daga baya ta dawo da ita 22 ga Satumba. Manya suna cikin zullumi, mu kuwa, Allah Ya yafe mana, murna muke yi. A shekarar nan ce kuma tashar Arewa24 ta fara aiki daga Kano, Hausa zalla dare da rana, kyauta a kan dish. Da tallafin gwamnatin Amurka ta fara, kuma akwai dattawan da suka ɗaga gira saboda haka. Ba mu ga laifinsu ba, tambayar wa ya biya kuɗin abin da ɗanka yake kallo tambaya ce mai kyau. Amma da Daɗin Kowa ya fito a 2015, da yawa cikin masu ɗaga girar su ne suka riƙa cewa a ƙaro murya.

Me ya sa ya kama mu haka? Finafinan da muka saba da su a lokacin, ɗan Alhaji ne da 'yar Alhaji, falo mai kujerun da ba mu taɓa zama a irinsu ba, sai a yanke a tafi lambu rawa. Daɗin Kowa gari ne na ƙirƙira, amma katangarsa irin tamu ce, ga kwata a lungu, ga teburin mai shayi, ga tsakar gida da igiyar shanya. Kamaye talaka ne mai fama da abin sawa a baka, Adama ba ta raga masa. Malam Nata'ala yana nan da almajiransa. Stephanie Kirista ce tana zaune cikin unguwa kamar kowa. Sannan ga waɗanda muka fi zuba wa ido, matasan garin, su Alawiyya da Gimbiya da Nazir da Sallau. Damuwarsu tamu ce ko ta yayyenmu: karatu zai ci gaba ko aure za a yi, wa ya fara shaye-shaye, wa miyagun abokai suka ja. Karon farko ke nan da muka ga sa'anninmu a akwati sanye da irin kayanmu.

Mu marubuta muna da wani dalilin na daban. Wanda ya fito a Kamaye, Ɗan'azumi Baba, marubucin littattafai ne tun kafin wasan. Cikin waɗanda suka rubuta labarin akwai Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih, sunayen da muka fara gani a bangon littafin haya. A 2016 wasan ya ci kyautar Africa Magic a rukunin Hausa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, cikinmu akwai wanda a hutun 2015 ya sayi littafi mai shafi arba'in ya fara rubuta nasa garin.

Kallon kansa ma wasa ne. A shimfiɗa tabarma, a fito da akwati bakin ƙofar ɗaki, a sa ƙarami ya riƙe rimot don kada babba ya yi mulki. Ana tsakiyar rikici sai a ɗauke wuta, a yi salati baki ɗaya, a ruga gidan mai janareto. In wuta ta yi mutunci, sai hadari ya taso daga gabas, hoto ya fara yayyagewa, ya tsaya cak a kan Adama baki buɗe. A tura yaro ya taɓa dish, kamar taɓawar za ta kori girgije. Wanda ya rasa sai ya jira maimaici, ko ya sayi labari a bakin wanda ya gani, shi ma da ƙarin gishiri.

To amma mu faɗi gaskiya tsakaninmu. Mutanen Daɗin Kowa Kananci suke yi. Suna cewa "muka je", mu a gida "munka tahi" muke cewa. Suna cewa "wannan", kakarmu "wanga" ta sani. Har akwai lokacin da yaro zai dawo da bakin talabijin cikin gida, a yi masa dariya a ce ya zama Bakano. Wasan ya nuna unguwa irin tamu, bai nuna garinmu ba, kuma ba aikinsa ba ne ya nuna. Dogon hutun da muke kallonsa a ciki kuwa, babu wanda ya ɗauke shi.

Wasu ƙasashen sun ɗauki nasu. A Sifaniya akwai wasan Verano Azul da aka fara nunawa a 1981, kashi 19 kacal, labarin wasu yara da matasa da suke hutu a garin Nerja na bakin teku, suna yawo a keke, suka yi abota da wani tsohon masunci mai kwana a cikin jirgin ruwa. An maimaita shi sau da dama, kuma yau a Nerja akwai wurin shaƙatawa mai sunan wasan, da kwafin jirgin tsohon a ciki. Kashi 19. Mu me muka rasa? Daga 2011 zuwa 2013 azumi ya faɗo cikin dogon hutu, muka yi tashe ba fargabar makaranta da safe, muka yi kwanan jiran sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi. A Satumbar 2010 gulbin Rima ya yi ambaliya, ruwa ya yanke hanyar jami'ar Ɗanfodiyo, yaran da aka kai ƙauye hutu suka ga gonakin kakanninsu sun zama tafki. Yaron birni da aka miƙa wa fartanya karon farko, shi kaɗai ya isa kashi uku.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damunmu. Namu wasan yana nan a YouTube, duk daren da kewa ta taso sai mu nemo shi a waya. Da muka je neman Idon Matambayi don mu ga abin da ke sauya muryar iyayenmu, ba mu samu abin da zai cika zama ɗaya ba. Ba a nan kaɗai ake wannan asara ba. A zamanin da, tef yana da tsada, gidajen talabijin a ko'ina sukan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai. BBC da kanta ta yi haka da wasan Doctor Who, wanda yaran Ingila suka tashi da shi tun 1963. Sai da yaran suka girma suka fara neman abinsu ƙasa ƙasa. A Oktoban 2013 aka sanar da cewa wani Bature mai suna Philip Morris ya gano kashi tara da aka fid da rai da su, a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a Jos. Jos ɗin nan tamu. Shekara da shekaru gwangwanayen fim ɗin suna kan kanta suna shan ƙura, mutum ya taso daga Ingila ya zo ya ɗauka.

Garin nan ya san ajiya. A cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu akwai takardun da aka rubuta da hannu tun zamanin Daular Usmaniyya, ga su nan ana karantawa. Kaset ba shi da ƙarkon takarda, zafi da ƙura irin namu suna cinye shi, kuma na'urar da ke kunna shi ta kusa ƙarewa a kasuwa. Waɗanda suka yi wasannin nan da waɗanda suka riƙe kyamara, da yawa sun riga mu gidan gaskiya, saura kuma sun manyanta.

Saboda haka ga roƙonmu. Wanda ya san akwai tsofaffin kaset na bidiyo a gidansu, cikin adaka ko ƙarƙashin gadon Hajiya, kada a zubar, kada a ba yara su warware zaren. A duba rubutun da ke jiki a gaya mana. Wanda kakansa ko maƙwabcinsa ya taɓa fitowa a wasan talabijin a garin nan, ya je ya gaishe shi, ya nemi izini ya kunna rikodar waya, ya tambaye shi sunan da yake fitowa da shi, da inda ake ɗaukar wasan, da su wa suka yi tare. Mu uku mun riga mun sa rana, Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu fara da wani dattijo a Ƙofar Marke. Mun ce masa minti talatin kawai muke so, ya ce mu zo da tabarmarmu.