Dalar Gyaɗa Da Layin Jiragen Apapa: Daga Bebeji Zuwa Bakin Teku

 Yau hirar tashar jiragen ruwa za mu yi. Na san wani zai ce, mu da ko Tiga sai mun yi shiri muke zuwa kallo, ina ruwanmu da teku? To a yi haƙuri a saurara.

Ni dai tun ina yaro nake wucewa ta Kwanar Dangora ina ganin tireloli ɗauke da kwantena sun nufi Kano, ban taɓa tambayar kwana nawa suka yi a hanya ba. Sai a 2022, da taki ya yi tsadar da manoman masara a Doguwa da Tudun Wada suka ji a jikinsu, na fara bin zaren. Ashe wani sinadarin da ake haɗa takin da shi daga Rasha ake kawo shi, yaƙin Yukiren ya tsayar da jigilar, sai da Najeriya ta koma Kanada ta sayo. Damina kuwa ba ta jiran jirgi.

Abin ba sabo ba ne. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa fataken goro, lokacin da garin ke kan hanyar ayari zuwa Gwanja. Tafiyar watanni ce da jakai, ga kuɗin fito, ga 'yan fashi. Shi ya ƙi tsayawa kan hanya ɗaya. Yana cikin na farko-farkon da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Akara da Sekondi zuwa Ikko. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, kasuwar Arewa gaba ɗaya ta juya wa Sahara baya ta fuskanci teku, shi kuma ya shiga harkar gyaɗa.

A nan nake so mu ɗan zauna. Dalar gyaɗar nan da muke alfahari da hotonta, buhu wajen 15,000 a kowace guda, me ya sa aka tara ta? Don jirgin ƙasa bai iya kwashe gyaɗar da saurin da manoma ke kawo ta. Ana sayen amfanin shekara a 'yan watanni bayan kaka, layin dogo kuma guda ɗaya ne, taragwai sun yi kaɗan, musamman bayan yaƙin duniya na biyu. Har ta kai gyaɗar bara na zaune ta bana ta same ta, ƙwari na ci. Wato dalar nan arziki ce, gaskiya, amma kuma layi ce. Kaya ne ke jiran Apapa daga nisan fiye da kilomita 1,000.

Wancan lokacin ƙofa biyu Arewa ke da ita: Legas da Fatakwal. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya rufe ta Fatakwal, komai ya koma kan Legas. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga kuɗin mai. A 1974 da 1975 gwamnatin Gowon ta yi odar siminti kusan tan miliyan 20, miliyan 16 daga ciki na ma'aikatar tsaro kaɗai, wai a kawo cikin shekara guda. Tashar da simintin da za ta iya saukewa bai wuce kusan tan miliyan ɗaya a shekara ba! Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a teku, wasu watanni da yawa, kowace rana gwamnati na biyan kuɗin jira. Simintin wasu ya sha danshi ya daskare a ciki. Kayan abinci da magunguna su ma suka maƙale a bayan layi. Daga baya aka gina tashar Tin Can cikin gaggawa, aka buɗe a 1977.

Abin da ke ba ni haushi, wannan bai buƙaci kwamfuta ba. Ɗan firamare zai raba 20 da 1 ya gaya maka shekara 20. Amma yawancin matsalolin tasha ba sa fitowa fili haka, kuma nan ne kwaikwayo a kwamfuta ya shigo.

Ga yadda yake. Ana gina tashar a cikin na'ura: wuraren da jirage ke tsayawa, injinan ɗaga kaya, filin ajiye kwantena, kwastan, ƙofar tireloli, layin dogo. Kowanne a ba shi lokacin da ya saba ci, har da ranakun da yake makara. Sai a saki jiragen ƙarya su yi ta zuwa, a gudanar da shekara guda cikin 'yan mintuna, a maimaita sau ɗaruruwa. Sannan a fara ɓarna da gangan: a kashe injin guda, a sa direbobi yajin aiki na mako, a toshe mashigin Suwez kamar yadda jirgin Ever Given ya yi kwana shida a Maris 2021. A ga ina layi zai fara taruwa, kuma kwana nawa zai ɗauka kafin ya warware.

Lissafin layi ya girmi kwamfuta. Wani ɗan Denmak, Erlang, ya fara shi a 1909 a kan wayar tarho. A mafi sauƙin lissafin, idan wurin sauke kaya na aiki rabin lokacinsa, jirgi zai jira kamar tsawon sauke jirgi ɗaya. Idan ya kai kashi 90 cikin 100, jiran ya zama na jirgi tara. Ka ga tashar da ake yabo wai ba ta hutawa ita ce ta fi kusa da shaƙewa. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, don ido ba ya nuna maka shi.

Yanzu ƙofofi sun ƙaru. A Janairun 2023 aka ƙaddamar da tashar Lekki, a watan kuma aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, inda ake son ɗan kasuwar Kano ya karɓi kwantenarsa ba sai ya je Legas ba. Ina murna da ita. Sai dai tashar tsandauri ba ta fi hanyar da ta haɗa ta da ruwa ƙarfi ba, kuma tsohon layin da ke ratsa ƙasar Kiru shi ne dai na zamanin Ɗantata.

Da za a ba ni na'urar yau, gwajin farko da zan sa shi ne: jirgin taki ya iso Legas a watan Afrilu, layin dogo ya tsaya mako uku, komai ya koma kan titin Zariya. Ina so in ga ranar da buhun farko zai sauka a kasuwar Tudun Wada, in kwatanta da ranar da masara ke neman takin farko.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.