Jami'ar Samaru da Hirar Baƙi

Ranar da zan bar Randagi zuwa Zariya karatu, Inna ba ta yi mini wa'azin sallah ko na kiyaye 'yan mata ba. Abu ɗaya ta nanata har bakin mota: "Kada ka gaya wa kowa ko ɗan waye kai, kada ka faɗi inda za ka." Duk wanda ya san hanyar Birnin Gwari zuwa Kaduna ta Buruku ya san dalilinta. Mutumin da ke kusa da kai a kujera yana iya zama ɗan kasuwa, yana iya zama infoma mai kai wa mutanen daji rahoto. To sai kowa ya kama bakinsa. Mota cike, amma ba ka jin komai sai ƙarar inji da salati idan an shiga kwana.

Da wannan tarbiyya na isa Samaru, na yi kusan mako uku ba na wuce gaisuwa da kowa. Wani dattijo ne ya karya ni, a teburin mai shayi. Ya ce, "Samari, daga ina?" Na ce, "Daga Kaduna, Baba." Ya yi dariya ya ce Hausar bakina ba ta Kaduna ba ce. Ashe tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya, kuma ya san ƙasarmu tun kafin a haife ni. Kafin shayina ya huce ya ba ni tarihin wurin da nake zaune, wanda daga baya na bi na tabbatar da shi a laburaren Kashim Ibrahim.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426. In aka gwada ta da Alƙarawiyyin ta birnin Fas a Maroko, wadda ake kai asalinta shekarar 859, ko Azhar ta Alƙahira, ai jaririya ce. Amma a Arewacin Najeriya ita ce uwa, kuma gaɓoɓinta sun girme ta. Tashar binciken noma ta Samaru ta fara tun cikin shekarun 1920. Makarantar horar da akawu ta Kongo ta fara a ƙarshen shekarun 1940, ta zama cibiyar koyar da aikin mulki a 1954. Harabar da ake kira babbar haraba yanzu kuwa, ta reshen Zariya ce na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, wadda aka kafa a farkon shekarun 1950. Da Hukumar Ashby ta miƙa rahotonta a 1960 tana ba da shawarar a ƙara jami'o'i, gwamnatin Sardauna ta tattara waɗannan, ta haɗa da kwalejin Kano da ta zama Jami'ar Bayero daga baya, aka yi jami'a guda.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne irin garin da aka dasa ta. Zariyar zamanin Turawa gari ne da aka tsara domin baƙi su zauna nesa da juna. Birni yana cikin ganuwarsa da malamansa na unguwannin Juma da Kona. Da jirgin ƙasa ya iso wajen 1911, aka ware Sabon Gari ga mutanen Kudu, Tudun Wada ga 'yan Arewa da ba 'yan gari ba, Turawa kuma suna can unguwarsu. Kowa da rijiyarsa, kowa da kasuwarsa. Sai ga Samaru, can bayan gari a hanyar Funtuwa, inda dole ɗan Anaca da ɗan Katsina da ɗan Ilori su kwana ɗaki ɗaya, su bi layin abinci ɗaya.

Shugaban jami'ar na farko ma baƙo ne na sosai: Norman Alexander, masanin fiziks daga ƙasar Niyu Zilan, wanda ya koyar a Singafo, Japanawa suka tsare shi a yaƙin duniya na biyu, sannan ya zo Ibadan kafin Zariya. Wanda ya gaje shi a 1966, Ishaya Audu, likitan yara ne, Bahaushe Kirista da ya yi karatu a Wusasa. Tun kafin jami'ar ma, a 1958, wasu ɗaliban zane a kwalejin, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta ƙi yarda a ce zanen Bature kaɗai ne zane. Yaran Kudu ne, a ƙasar Zazzau suka haɗu suka gano abin da suke so su zama.

Amma labarin da Baba ya fi daɗewa a kai, ni ma shi ya fi kama ni a matsayina na ɗalibin kimiyyar ƙasar noma, shi ne na hirar da masana suka yi da manoma.

Shekara da shekaru, shawarar da ke fitowa daga gonakin gwaji ita ce a shuka amfani iri ɗaya a gona ɗaya, layi-layi: dawa ita kaɗai, auduga ita kaɗai. Manomi kuwa ya ce "to, ranka ya daɗe", malamin gona na juya baya ya ci gaba da haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya kamar yadda ya gada. A ofis ana kiran wannan taurin kai da jahilci.

A 1965 wani matashin masanin tattalin arzikin noma ɗan Ingila, David Norman, ya zo jami'ar. Shi da abokan aikinsa suka yi abin da ba a cika yi ba a lokacin: suka je suka tambaya. Suka zaɓi ƙauyuka uku kusa da Zariya, wato Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka zaunar da ma'aikata a cikinsu, ana bin magidanta a kai a kai har shekara ta zagayo. Wace gona ka je? Kai da wa? Awa nawa? Me ka shuka, me ka girba, me ka sayar? Ku lura fa, waɗannan tambayoyi ne da mutum ba ya amsa wa baƙo haka kawai. Sai da aka sha fura tare, aka je suna da jana'iza tare.

Da aka tattara lissafi, sai ga shi manomin ne ke da gaskiya. Abin da ya fi takura masa ba ƙarancin ƙasa ba ne, ƙarancin hannu ne a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ciyawa ta taso kuma kowace gona ke neman noma a rana ɗaya. Idan amfani biyu ko uku suna gona ɗaya, noma ɗaya ya wadatar da su duka. Gero yana nuna da wuri ya kashe yunwar tsakiyar damina, dawa ta ci gaba da shan ruwan ƙarshe, wake kuma ya rufe ƙasa, ga ƙwayoyin bakteriya a saiwarsa suna kamo sinadarin naitirojin daga iska. In ruwa ya yi gardama, da wuya duka ukun su mutu tare. Norman ya buga wannan a 1974, kuma aikin Samaru yana cikin tushen salon binciken da ya bazu a Afirka da Asiya, wanda ke fara duba gidan manomi gaba ɗaya kafin a ba shi shawara. Irin masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da muke saya a kasuwa, wancan "SAM" ɗin Samaru ne.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam ma sun auna hirar baƙi. A 2014 Nicholas Epley da Juliana Schroeder suka buga gwajin da suka yi da fasinjojin jirgin ƙasa da bas a yankin Shikago ta Amurka: wasu aka ce su yi hira da na kusa da su, wasu su yi shiru, wasu su yi yadda suka saba. Waɗanda suka yi hira sun fi jin daɗin tafiyar, alhali da aka tambayi mutane tun farko sun zaci shirun zai fi. Mark Granovetter kuwa tun 1973 ya nuna cewa sabon labari, kamar na gurbin aiki, ya fi zuwa ta bakin wanda sanin shanu kawai ka yi masa, domin abin da makusantanka suka sani kai ma ka riga ka sani. Na yarda da duka biyun. Sai dai fasinjan Shikago abin da yake tsoro shi ne a share shi ya ji kunya. Na hanyar Buruku ransa yake tsoro, kuma ba zan ce Inna ta yi kuskure ba. A ƙarshen 2021 har layukan waya aka katse a yankinmu, kuma toshe bakin infoma na cikin dalilan da aka bayar.

Bara na koma gida ɗibar samfurin ƙasa don aikin digirina na biyu, da takardar tambayoyi irin jikar ta su Norman. A ƙauyukan da ba a san ni ba, ƙasa dai sun bar ni na ɗiba. Amma da na zo kan "Buhu nawa ka samu bana?", amsa ɗaya ce: "Alhamdulillahi." Shanu nawa? "Sai godiya." Na gane. A inda adadin buhunka ke iya zama ma'aunin kuɗin fansarka, ba ka faɗa wa yaro mai biro da takarda.

Kawuna ne ya fitar da ni. Ya ce fataken da ba sa shiga gari kai tsaye, sai sun sauka a zango wajen mai gida, shi ya tsaya musu a gaban mutanen gari. Ya ajiye aikinsa kwana huɗu ya goya ni a babur. Duk ƙofar da muka je shi ke fara sallama, ya ce, "Ɗan ƙanwata ne, karatun ƙasa yake a Samaru, in ya yi ba daidai ba ni za ku kama." Magidanta goma sha ɗaya suka zauna da ni a haka. Tambayar buhu dai na soke ta daga takardar.